Awon Riga a Ɗakin Wankin Ƙoda

Tun asuba wani bakanike yake bitar maganar da zai gaya wa telar da yake nema da aure: ta haƙura da shi, ƙodarsa ta daina aiki.

Sista, nas ɗin da ke jona shi da injin wankin ƙoda, ta gaji da jin zancen. "Kullum kai kake yanke mata hukunci. Yau na kira ta, ta faɗa da bakinta."

Telar ta shigo. Ta dubi jininsa yana zagaya cikin robobi, ba ta kau da kai ba. Shi ne ya sunkuyar da nasa.

"Kin ga yadda nake," ya ce. "Haka za a yi ta yi. Ba na so in..."

"Miƙe kafaɗarka, Malam." Ta zaro tef ɗin awo daga jaka.

"Awon me?"

"Rigar ango. Sista ta ce hannun da ake sa allura ba a matse shi. Zan buɗe hannun rigar, in jera maɓallai har kafaɗa."

Tsohon da ke gadon kusa ya kece da dariya. "Ɗana, ka yi shiru kawai, an gama da kai!"

Bakaniken ya nemi maganar asuba ya rasa. Dariya ta ƙwace masa, idonsa ya kawo ruwa. Ya fara ɗaga hannun da ke jone da injin.

"Kai, ba wannan ba!" in ji Sista.

Ya miƙa ɗayan. Telar ta ɗora tef a kafaɗarsa, ta ja shi har wuyan hannu.