Wankin Motar Surukai

Kumfa ta rufe motar tun daga gilashi har taya, Tela kuma ya naɗe ƙafar wando yana ta dirza kamar za a ba shi lambar yabo.

Motar Mama ce, uwar matarsa, baƙa wul, wadda ta saya bayan ta yi ritaya daga aikin jinya. Ita ba ta tuƙi, mijinta ne yake jan ta, kuma kowa a gidan ya san sharaɗin. Tun da idon Baba ya fara rauni ta ce ranar da ya goga mata mota a jikin wani abu, ranar zai koma kujerar fasinja har abada.

Jiya Tela ya are ta don ya kwashe kekunan ɗinkinsa zuwa sabon shago. Mama ta daɗe tana kallonsa kafin ta amince, don dama ba ta taɓa sa shi cikin masu natsuwa ba. Baba ne ya miƙa masa makulli, ya bi shi har bakin ƙofa.

"Kada ka wahalar da kanka da wanki, ka ji ko? Tsumma kawai nake sa mata."

Tela ya ɗauki wannan a matsayin kara irin ta manya. Wane mai hankali ne zai mayar da motar surukai da ƙura? Gari na wayewa ya jawo tiyo, ya zuba garin sabulu a bokiti ba tare da rowa ba. Ya bi raga-ragar gaba da tsohon buroshin haƙori, ya goge gilasai da jarida, ya kankare tayoyi har suka koma kamar ba su taɓa taka ƙasa ba. Da ya zo ƙofar baya, ruwan da ke gangarowa ya zama baƙi ƙirin, soson har yana maiƙo a hannunsa. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce ga amfanin tsumma nan, ya ƙara sabulu.

Yana watsa ruwan ɗauraya, dariyar ta ɗauke. Wani dogon karce ne fari fat ya bayyana, daga tsakiyar ƙofar har saman taya.

Ya sa yatsa ya shafa, farcensa ya faɗa ciki. Nan take ya tuna lungun sabon shagon, da amalanken da ya ratsa ta gefenta, da wani ɗan ƙara da ya ji bai kula ba.

Ya gwada man goge baki, ya gwada man girki a tsumma, ya murza har kafaɗarsa ta gaji. Motar dai ta ƙara ƙyalli, karcen kuma ya ƙara fitowa, domin yanzu ba abin da ke jikinta sai shi.

Matarsa ta fito da tsintsiya, ta gani, ta dafe ƙirji.

"Ka ce a kasuwa ka ajiye ta wani ya goga."

"In yi ɓarna kuma in ɗora ƙarya a kai? A gaban iyayenki?"

Ya sa riga mai kyau, ya tuƙa motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kunya ce take cinsa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Mama ta yi gaskiya a kansa.

A tsakar gidan ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba. Mama ta gyara tabarau, ta bi karcen da yatsa daga farko har ƙarshe. Da ta yi masa wankin babban bargo da ya fi masa sauƙi, amma muryarta a sanyaye ta fito.

"Ba komai. Laifina ne da na bayar. Dubi tsohon nan, da raunin idonsa da komai, bai taɓa yi mata ko ɗigo ba."

Baba yana zaune a kujerarsa, ko kallon motar bai yi ba. Ƙasa ya zuba wa ido yana wasa da silifa da babban yatsa. Tela ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige, tunda har mutumin da yake tare masa faɗa a gidan ya kasa duban fuskarsa. Ya yi alkawarin kai ta wurin masu fenti, Mama ta juya ta shige ɗaki.

Ya fita da ƙafa, kai a sunkuye. Sai da ya kai bakin titi ya laluba aljihu ya ji ba waya, ya tuna ya bar ta a kan kujerar mota. Ya tsaya yana shawarar ya haƙura da ita gaba ɗaya, sannan ya juya, ya tura ƙofar gidan a hankali don kada a ji shi.

A bayan motar ya tarar da Baba tsugune, riƙe da gwangwanin baƙin man takalmi da ya kusa ƙarewa, yana cusa shi da yatsa cikin wani karcen a ƙasan bamba. Tsohon ya ɗago, suka haɗa ido, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na ƙofar ka riga ka ɗauke min, Allah ya yi maka albarka. Tsaya ka kare ni in rufe wannan kafin ta fito."