Telan da Ya Tsaya Auna Allon Karatu

Tunda ka ce kanka ya ɗaure tsakanin waya da tabulet da allon karatu, zauna in ba ka misalin wani tela. Ni ma ba gane kan na'urorin nan na yi ba, amma abin da ya same shi na gane.

Tun yana saurayi a kan keken ɗinki yake cewa ranar da ya ajiye almakashi zai karance tafsirin Alƙur'ani na Hausa daga farko har ƙarshe, da idonsa, ba daga bakin wani ba. Da ya ajiye ɗin, sai ido ya soma dishi-dishi. Likita ya duba ya ce ciwon ba mai warkewa ba ne, magani jinkirta shi kawai zai yi, don haka ganin da ya rage a more shi. Rubutun littafi ya riga ya yi masa ƙanana. 'Yarsa ta ce akwai na'urorin da ake zuba littafi a ciki, a ƙara wa baƙaƙe girma yadda ake so. Ya tafi wurin wani mai shago da ya daɗe yana yi wa ɗinkin sallah. Ka san cinikin sanayya: ɗauki ka je gida ka gwada, in bai yi ba ka dawo da shi. Ya ɗauki babbar waya. To, tela ne, ya tsufa a kan cewa yadi in an yanka ba ya komawa, shi ya sa ba ya sa almakashi sai ya auna ya sake aunawa. Maimakon gida sai ya biya majalisarsu ta bayan La'asar neman shawara. Wani ya ce waya ai kira ba zai bar shi ya gama shafi ba, ga jikoki. Ya mayar, ya karɓo tabulet. Wani ya ce wannan cin caji gare shi kamar gara, unguwar kuma wuta sai an ga dama, haskensa ma shi zai ƙarasa idon. Ya mayar, ya karɓo allon karatu mai fuska irin ta takarda, wanda ke makonni ba a yi masa caji ba. Aka ce wannan ba kala, ba murya, in ya lalace kuma duk garin babu mai gyara.

Abin haushin, kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa, kuma babu wanda ya taɓa karanta shafi ɗaya a kan ko wanne. Tela ya rikice. Yau ya ce allon, gobe ya tuna babu mai gyara, jibi ya koma kan waya. Ya sa zaren awo ya gwada faɗin fuskokinsu, ya ɗora su a tafin hannu yana jin nauyi. Mai shago ya gaji har ya daina yi masa tayin kujera. 'Yar ta roƙe shi ya fara da tsohuwar wayarta kafin ya yanke shawara, ya ce shi bai taɓa fara aiki da ƙyalle ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Daga ƙarshe dai ya tsaya a kan allon, kuma kowa ya yarda ya iya zaɓe. Da hantsi ya zauna a tsakar gida, 'yar ta buɗe masa shafin farko, ta yi ta ƙara girman rubutu har kalma biyu suka cika fuskar allon. Ya kawo shi kusa da hanci, ya nisanta, ya karkata shi wajen rana.

Ya ce, "Uwata, kin kunna kuwa?"

A kunne yake. Ni dai duk lokacin da na tuna sai zuciyata ta karye. Je ka ɗauki wanda hannunka ya kai ka fara karatu yau. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido.