Gini na Arba'in da Ɗaya

Kwandon gwaiba na uku ke nan da Chien Pei-ling ta mayar wa mai shi a ranar, ko leƙa cikinsa ba ta yi ba. Makonta uku kacal da zama shugabar sashen tsara gari a ƙaramar hukumarmu, amma tuni an daina gaishe ta a kasuwa.

Rahoton shekara ne ya jawo. Ƙa'ida ta ce kowace ƙaramar hukuma ta aika wa gundumar da take ƙarƙashinta jerin gine-ginen da aka yi ba izini kafin ƙarfe biyar na Juma'ar ƙarshe ta Disamba. Wanda ta gada shekara tara ya yi yana rubuta "babu", yana buga hatimi, yana tafiya kamun kifi. Bana gunduma ta ɗauki hoton garin daga sama, ta ƙirga rufin kwano, ta gano ƙaryarsa, ta mayar da shi kula da maƙabarta. Pei-ling ba ta da niyyar bin sa can.

Sai ta kafa dokarta. Ba ta son jin sunan kowa, ba ta son adireshi. Lambar fili, hoton sama, takardar izini. In babu takarda gini ya shiga jeri, kuma da zarar jeri ya isa gunduma ba a cire komai: kwana talatin, sai motar rusau.

Ɗakin tantabarun tsere da wani mahauci ya ɗora a kan benensa ya shiga. Rumfar gidan bauta ta shiga. Shugaban masu kula da wurin ya zo da kansa ya ce abin bautar ne ya nemi inuwa a mafarki, ta miƙa masa fom ta ce ya kai masa ya cike. Gwaggonta ma ta bugo waya tana kuka.

"'Yar nan, a kicin ɗin nan fa na dafa abincin bikinki!"

"Gwaggo, ni lamba na gani. Ban san naki ba ne."

"To yanzu ai kin sani."

"Na sani. Kwana talatin ne."

Ran Juma'a da safe gine-gine arba'in ne a jerin. Ruwa ake yi tun jiya, irin wanda in ya sauka a kan kwano sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Ta tura kujerarta gefe saboda ɗigon da ke sauka kusa da teburinta, ta sake bin hoton da gilashin ƙara girma. A nan ta gan shi.

Dogon gini ne mai shuɗin rufi a fili na 412. Ta duba rajista: filin hukuma ne. Ta duba kabad ɗin izini, babu ko fallen takarda. Ga babura jere a ƙofarsa, ta ƙirga goma sha huɗu.

"Masana'anta a filin hukuma!" in ji ta. "Wannan kam rainin hankali ne."

Kawu Liao, magatakardan da ya fi kowa daɗewa a sashen, ya leƙo ta bayan kafaɗarta. Kofin shayinsa ya tsaya kafin ya kai baki.

"Ranki ya daɗe, wannan ɗin a bar shi."

"Na ɗan'uwanka ne?"

"A'a. Bayan babbar guguwar nan aka kafa shi, na wucin gadi. Wata shida aka ce."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara ashirin da shida."

"Kuma kana nan kana kallo?"

"Kullum, ranki ya daɗe. Ai mutanen da ke ciki..."

"Ko su wane ne! Kawu, saura maka wata nawa ka yi ritaya?"

"Huɗu."

"To duk wanda ya sake roƙona a kan gini, sunansa zai shiga shafin ƙarshe, wajen masu kawo cikas. Kana da sauran magana?"

Kawu Liao ya dubi sauran ma'aikata. Kowa ya sunkuyar da kai kan takardunsa, wata ta toshe baki ta fita da sauri. Ya kurɓi shayinsa.

"Babu, ranki ya daɗe."

Ta rubuta 412 a layi na arba'in da ɗaya. Ta ƙara da hannunta cewa tunda a filin hukuma yake, a fara da shi don ya zama darasi. Biyar saura kwata rahoto ya tafi.

Bayan hutun sabuwar shekara mataimakin shugaban gunduma ya bugo da kansa. Ya ce rahotonta ya fi na kowa, za a raba wa sauran ƙananan hukumomi su koya. Ta ajiye waya tana murmushin da ba a taɓa gani a fuskarta ba, har ta sa aka sayo wa kowa shinkafa da cinyar kaza.

Ana cikin ci wani ƙaton mutum ya shigo da hular kwano, bokitin gam a hannu, jajayen takardun sanarwa a hammata. Ya ce daga sashen rusau na gunduma yake, ya zo manna sanarwa.

"Sannu da zuwa," in ji Pei-ling. "Ka fara da 412. Kuma komai suka ce maka kada ka saurara."

"An gama, ranki ya daɗe."

Mutumin ya buɗe taswirarsa, ya bi ta da yatsa, ya juya ta, ya ɗaga kai ya dubi shuɗin rufin kwanon da ke samansu. Sannan ya koma da baya taku uku, ya shafa gam, ya manna jar takardar a ƙofar da ya shigo ta cikinta.