Kurwar da Ba Wanda Ya Kama

"Ba wanda ya yi miki komai, Hajiya," in ji likitan, yana duba takardar gwajin jininta. "Garkuwar jikinki ce ta juya tana yaƙar gaɓoɓinki. Ita ta kawo kumburin."

Ta fizge takardar ta fice. Ƙarya yake! Shekara shida ke nan da boka ya gaya mata yayarta ce ta kama mata kurwa. Ita da bakinta ta tsaya tsakiyar kasuwar Sokode ta kira ta mayya. Mutane suka daina sayen tuwon yayar, ta tattara komatsanta ta koma Dapaong. Ciwon kuwa ko gezau.

Kwana uku tana zagin likitan. A na huɗu ta shiga motar Dapaong.

Ta iske yayar zaune a ƙofar wani ɗan ɗaki.

"Sannu, Yaya."

"Me kika zo nema? Sauran kurwar?"

"Likita ya ce..."

"Likita! Sai da bare ya faɗa kika yarda? Ni da na goya ki, na dafa Alƙur'ani na rantse miki, kika tofa mini yawu gaban jama'a!"

Hajiya ta durƙusa za ta kama hannunta. Yayar ta fito da hannuwan daga mayafi. Yatsun sun kumbura, sun karkace, ko ludayi ba za su riƙe ba.

"Nawa ya riga naki farawa. Na ɓoye ne kada hankalinki ya tashi. To gaya mini, ni wa ya kama tawa?"