Makulli Mai Jan Zare

Ya yi sallama, duk da ya san ba mai amsawa. Aikinsa ke nan tun da ya yi ritaya: duba gidajen masu hali da ba sa zuwa sai lokacin hutu. Ya buɗe tagogi, ya saki famfo, ya duba silin ko yana yoyo, ya tura wa ofis hoto. Sai ya ɗan zauna a falo, don ko ya koma nasa gidan, shirun ɗaya ne.

Da ya mayar da makullai ofis, manaja ta miƙo masa wani.

"Baba, an ƙara maka gida. Mai shi yana ƙasar waje, aiko da makullin ya yi."

Makullin na ɗaure da jan zare. Ya san ƙullin. Marigayiya matarsa ce ta ɗaura wa makullan gidansu guda biyu, ɗaya nasa, ɗaya na ɗansu ranar da zai tafi. Nasa yana aljihu.

"'Yata, cewa ya yi ba kowa a ciki?"

"Haka ya ce. Wai tun da mahaifiyarsa ta rasu, gidan ba kowa."

Ya damƙe makullin.

"To. Zan riƙa dubawa."