Sitiyarin Mai Awo

Sitiyarin ya karkace dama da kamar faɗin yatsu uku, kuma a kan waɗannan yatsu uku aikin Salmanu direba yake lilo.

A lokacin, motocin Zariya duka ba su cika yatsun hannu ba. Ɗaya daga ciki ta Baturen kamfanin gyaɗa ce, wanda mutanen Tudun Wada suka laƙaba wa Mai Awo, saboda ko hularsa sai ya daidaita ta a madubi sau biyu. Kullum a gaba yake zama, hagu da direba, idonsa ƙyam a kan sitiyari. Ranar Litinin ya ce ya gaji da ganin mota tana tafiya sak amma sitiyari yana kallon Gyallesu. Ko a gyara nan da Juma'a, ko Salmanu ya koma dakon buhuna inda aka tsinto shi.

Hankalin Salmanu ya tashi ƙwarai, don wuyansa bai manta nauyin buhu ba. Abin haushi kuma, in shi kaɗai ya zagaya da motar, sitiyari zam yake. Sai maigida ya shigo abin yake nuna halinsa, kamar ɗan da ke jiran baƙi kafin ya tona asirin gida.

Salmanu ma ya san mai hannu a ciki. Karkatar ta faro ne kaɗan-kaɗan tun damina, watan da aka ɗauki sabon kuku, Kailani, mutumin da ke yanka zabi uku a wuni, yana kuma da ƙane mai sha'awar tuƙi. Sammu ne, ba wata tantama. Salmanu ya sha rubutu, har ya ɗura wa lagireto ragowar. Sitiyari bai san ana yi ba.

Ranar Laraba ya kai ta wurin Gwadabe, maƙerin da ya yi shekara shida a loko, ma'aikatar reluwe, yana gyaran kan jirgin ƙasa, ya dawo Tudun Wada da sifana uku da baƙar magana. Gwadabe ya latsa tayoyi, ya ja igiya daga ta gaba zuwa ta baya, ya auna. Ya shige ƙasa ya girgiza sandar da ke juya ƙafafu, bai ji motsi ba. Ya sa aka tura motar a fili, ta tafi sak.

Ana cikin haka Mai Awo ya iso da kansa don ya ga abin da ake wa dukiyarsa. Aka ba shi benci ya zauna, bencin ya yi ƙara. Ya yi ta bayani da Hausarsa mai kama da tsakuwa a shinkafa, Gwadabe yana "ranka ya daɗe", yana ƙare masa kallo har ya tafi.

"Ba na ce maka aikin kuku ne ba?" in ji Salmanu.

"Aikinsa ne kam," in ji Gwadabe. "Bar min ita, ka dawo jibi."

Juma'a da hantsi Salmanu ya tarar an ɗaure wani akwatin katako a kan matakin motar na dama, an buga masa ƙusa ta ko'ina. Gwadabe ya ce magani ne, kada a buɗe. Daga cikin gida ana jiyo matarsa Maijidda tana zazzaga faɗa, tana cewa yau sai dai kowa ya ci tsabar dawa.

Salmanu ya ja motar, bai kai kwanar kasuwa ba sai ga sabuwar matsala. Sitiyarin da ya kawo lafiya shi kaɗai, yanzu ya karkace hagu, yatsu uku cif. Tsohon banza ya kashe shi! Lokacin komawa kuma babu, ga Mai Awo can tsaye a ƙofar kanti da agogo a hannu. Salmanu ya tsaya, ya buɗe masa ƙofa, zuciyarsa tuni ta fara naɗa gammo.

Mai Awo ya shiga, mota ta nisa. Suka hau hanya. Salmanu ya saci kallon hannunsa, sai ga sitiyari tsaye zam, ko ƙwayar gero bai kauce ba. Bature ya sa ido har Kwangila, ya rasa abin kushewa, ya ce Salmanu direban kirki ne.

Da la'asar Salmanu ya koma Tudun Wada da goro, ya durƙusa.

"Malam Gwadabe, don Allah wane irin asiri ne a akwatin nan?"

Gwadabe ya ɓare goro, ya waiga don ya tabbata Maijidda ba ta kusa.

"Dutsen niƙanta ne, da na kakarta. Motarka ƙalau take, nauyin Bature ne ke rinjayar ta gefe guda, shi ne na yi masa kishiya a ɗaya gefen. Je ka roƙi kukun nan ya rage wa maigidanka zabi, don in ya ƙara ƙiba ba ni da dutse na uku."