Ranar da Inna Albarka ta kalli silima

Tahiru ya jona talabijin da batirin sola, ya juya fuskarta zuwa tabarmar uwarsa. Lahadi ce, kasuwar Filinge na ci, kuma motar ƙarshe mai zuwa Yamai tana tashi bayan la'asar. Idan 'yarsa Basiratu ba ta shige ta ba, gurbinta a makarantar ungozoma ya tafi, don gobe da safe ake rufe rajista. Abin da Tahiru ke so ke nan.

Ba mugunta ba ce, tsoro ne tsagwaronsa. Zuwansa Yamai na farko, wanda shi ne na ƙarshe, wani aboki ya ja shi gidan silima. Can ya ga wata budurwar Turawa ta kama haya a saman bene, aljani ya shige ta, tana tauna gilashin taga tana magana da muryar ƙato. Shekara ashirin da biyar ke nan, amma har yau Tahiru bai yarda da ginin da ya fi bishiyar gawo tsawo ba.

Sai dai a gidan, magana ta ƙarshe ta Inna Albarka ce, ita kuwa sati uku tana cewa sai ta yi tunani. Tsohuwa ce mai tsantseni. Tun da ta dawo daga Makka ta ƙone kayan borinta, ko mai goge ta hango sai ta sauya hanya. Tahiru ya lissafa cewa rabin silimar nan ya isa ya gama mata tunani, don haka ya sa aka nemo masa ita a kasuwa.

Basiratu ta zauna bakin ƙofa, jakarta a ɗaure, idonta ya yi ja.

Aka fara da kiɗan Turawa mai tsini, kamar goge goma suna kuka lokaci guda. Inna ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka girgiza. Daɗi ya kama Tahiru, tun ba a je ko'ina ba tsoro ya soma aiki.

Da ta ɗago, sai ta ce a kawo mata kujera. Ta hau, ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta miƙe baya kamar ba ita ke kukan ƙugu kullum ba. Budurwar silima ta fara birgima, Inna ta tuntsure da dariya. Faransanci ake yi, amma ko sau ɗaya dariyarta ba ta faɗi inda bai dace ba.

"Wanga aljani ba shi da tarbiyya," in ji ta. "Ba kiɗi, ba turare, ba wanda yak kira shi. Ga shi ya ɓata ma mutane ɗaki."

"Inna, haka birni yake hwa. Aljanu ne cike da benaye."

"Wane birni? Tun da anka kawo babura sunka watse daga Yamai, ƙara ta yi musu yawa. Nan Kurfai sunka dawo, bakin rijiyoyi. In tsoro kake ma ɗiya, can ya hi nan." Ta buga ƙafa a ƙasa. "Tahiru! Ɗauki jakka tata ka kai ta tasha. Ale, bit! Maza-maza!"

Tahiru ya miƙe zumbur. Shi ne ɗan fari, tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Lallai ran tsohuwa ya ɓaci. Ya saɓa jaka.

A tasha ya cusa Basiratu tsakanin buhun gero da wata mai kaji. Ya yi mata addu'a, ya haɗa da gargaɗin kada ta kuskura ta hau bene. Mota ta tashi, ya share ido da hannun riga, yana jin haushin kansa da na Turawa gaba ɗaya.

Ya dawo ya tarar silima ta ƙare, Inna na nan kan kujera a miƙe. Sai ta yi atishawa sau uku, irin wadda ke sauke mai hawa daga kan ɗan bori. Bayanta ya ranƙwafa, ta dafe ƙugu, ta dubi kujerar da mamaki.

"Wa ya aza ni nan?" ta tambaya da 'yar siririyar muryarta. "Kai wanga, kunna mu gani mana. Kuma kira min Basiratu, na gama tunani, ba inda za ta."